Rarar Mutum Ɗaya a Birnin Sahu

A zamanin da Dutsen Ƙwarya bai daina buɗe baki ba, akwai wani birnin aljanu a cikinsa, ana ce masa Birnin Sahu. Aljanun birnin su dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai da ashirin ne, ba sa ƙaruwa, ba sa raguwa. Ran da ɗaya ya mutu, ran nan ake haihuwar wani. Da wannan adadi suke taƙama a kan sauran aljanu, domin ka jera su biyu-biyu babu saura, uku-uku babu saura, haka har ka kai goma sha biyu. Sun kuma yi imani cewa ran da adadin ya yini bai cika ba, rufin dutsen zai rufto musu.

A gindin dutsen kuwa akwai wani ƙauye, Tudun Ƙirya, inda wani mutum yake zaune mai suna Jatau. Sana'arsa kasa nama. In an yi watanda, wato gidaje sun haɗu sun yanka sa don su raba, Jatau ake kira. Ko gida nawa ne, sai ya kasa naman daidai, har hanta da ƙashi, ba ya barin tsoka ɗaya da za a yi rigima a kanta. Mutane har tsokanarsa suke yi, wai in ka ba shi ƙwai ɗaya zai raba wa gida tara.

Amma Jatau yana da wani ciwo a zuci wanda ya shekara arba'in bai warke ba. Yana da ƙanwa, Ladingo. Wata rana da hantsi suna yara, suna zaune a kan wani falalen dutse suna wasan cika ko mara da gurjiya, ta dunƙule hannu ta miƙo masa, tana dariya da giɓinta, ta ce, "Yaya, cika ko mara?" Kafin ya buɗe baki dutsen ya buɗe nasa, ya haɗiye ta, ya rufe. Da mata suka taru yi wa mahaifiyarsu Tabawa jaje, wata baƙuwa ta tambaye ta sauran 'ya'ya nawa. Jatau yana tsaye a bakin ƙofa ya ji Inna ta ce, "Ba ni da ko ɗaya." Ya san dalili. Shi ɗan fari ne, kuma mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta sa shi a lissafin 'ya'yanta. Sanin dalilin bai hana maganar ta zauna masa a ƙirji ba. Har ya yi furfura Inna ba ta taɓa kiransa da abin da ya wuce "kai" ba.

Shekarar da idon Inna ya tafi, ta fara ture kwano, kullum maganarta ɗaya, tana son ta ji muryar yarinyar nan kafin ta cika. A shekarar ne Jatau ya kasa naman watanda gida goma sha ɗaya, ya ɗaga kai, ya ga mutum goma sha biyu. Na ƙarshen dogo ne har ya fi rumfa, ga rawani shuɗi, kuma ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba. Ba wanda ya gan shi sai Jatau.

Baƙon ya ce, "Aminci ya tabbata a gare ka, ya kai wanda ba ya barin saura. Sunana Mardu, daga Birnin Sahu. Shekara arba'in ke nan adadinmu ya ƙi rabuwa. Mai ƙidayarmu ta ce mun cika, amma duk yadda aka jera mu sai ɗaya ya yi rara, kuma ni ne kullum nake rarar. Sarkinmu ya ce in ka warware mana, ka faɗi ladanka. In ka kasa, ba za ka sake ganin rana ba."

Jatau ya ce, "Allah ya ba ku lafiya, ni naman sa na iya kasawa."

Mardu ya buɗe tafin hannunsa. Gurjiya ce a ciki, ta bushe ta yi baƙi. Ya ce, "Akwai wata bil'adama a wurinmu. Ita ta ce in ba ka wannan."

Jatau bai ko wanke hannu ba. Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce zai yi tafiya. Ta juya fuska bango kamar yadda ta saba, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba.

Dutsen ya buɗe masa, Mardu ya ɓace, domin dokarsu ita ce baƙo ya zo da ƙafarsa. Jatau ya yi ta gangarawa har ya fita wata ƙasa mai jan sama, inda itatuwa suke tsiro da saiwa a bisa. Ya yi tafiya har ya iso bakin wani kogi wanda babu ruwa a ciki sai iska mai ƙugi, ba a ganin ƙasansa. Duwatsu suna shawagi a kai biyu-biyu. Wata tsohuwar zalɓe mai ƙafa ɗaya tana tsaye a gaɓa.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, kowane dutse yana ɗauke da lamba, zai kuma faɗa maka da bakinsa. Wadda take rabuwa daidai, dutsenta zai tsage a ƙarƙashinka. Ka nemi gwauruwar lamba, wadda ba ta yarda a kasa ta ba sai dai ɗaya-ɗaya. Ita kaɗai za ta ɗauke ka."

Dutsen dama ya ce, "Casa'in da ɗaya." Na hagu ya ce, "Casa'in da bakwai." Jatau har ya ɗaga ƙafa zuwa dama, don casa'in da ɗaya kama take da wadda ba ta da dangi. Sai ya tuna wata Sallah da ya kasa tsoka casa'in da ɗaya wa gida goma sha uku, kowa ya tafi da bakwai. Ya janye ƙafar da sauri, ya taka hagu, dutsen ya tsaya kyam. Na gaba suka ce ɗari biyu da ashirin da ɗaya, da ɗari biyu da ashirin da uku. Ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓen, gumi na zuba, yana motsa yatsu, har ya gano ta farkon goma sha uku ce sau goma sha bakwai. Na ƙarshe suka ce dubu da ɗaya, da dubu da tara. Dubu da ɗaya ta yi masa zaƙin baki, ta ce ita kaɗai take a duniya. Jatau ya ce, "Ƙarya kike, bakwai na cikinki, da goma sha ɗaya, da goma sha uku." Ya taka dubu da tara ya yi tsalle ya faɗa gaɓa, ya ji ɗayan dutsen ya tarwatse a bayansa don haushi.

Ya wuce wani fili inda inuwoyi suke kiwo babu masu su, ya iso ƙofar birni. Mai gadin ƙofar ba shi da kai, bakinsa a ƙirji yake, ga ƙwarya a gabansa da tulin tsakuwa.

Mai gadi ya ce, "Ya kai baƙo, ka sani lambobi iri uku ne. Akwai marowaciya, wadda in ka tara duk kason da take rabuwa ba su kai ta ba. Akwai mai yalwa, wadda kasonta suka fi ta. Akwai adala, wadda kasonta suke dawowa ita daidai. Zuba mini adala a ƙwaryar nan, kada ta zama shida, don yaran aljanu ma sun san shida."

Nan Jatau ya ji ƙwalla ta taru masa, domin kakarsa ce ta faɗo masa a rai, ita da ta goye shi, ita da take kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ta kan zuba 'ya'yan tsamiya ashirin da takwas a faifai ta ce ya kasa. In ya kasa biyu, goma sha huɗu. In ya kasa huɗu, bakwai. Sannan huɗu, da biyu, da ɗaya. Sai ta ce ya tara su, su kuwa su dawo ashirin da takwas, ta yi ta dariya tana cewa mijinta ya fi na kowa kai. Ya ƙirga tsakuwa ashirin da takwas ya zuba.

Ƙofa ta buɗe. Mai gadi ya yi ajiyar zuciya da ƙirjinsa ya ce, "Shiga. Da ka zo a da, da ka ga birni. Lambarmu mai yalwa ce, kasonta sun ninka ta fiye da sau uku. Hanyar jera mu casa'in da shida ce, in ka haɗa da tsayuwa ɗaya-ɗaya da tsayuwa dunƙule. Ko tuwo aka yi ba a taɓa neman wanda zai ci ragowa ba. Yanzu ko rawa ba ma yi, don ba mai son ya zama wanda bai sami abokin rawa ba."

Aka kai shi wani dandali mai ƙofa goma sha biyu. Sarki Darmusu yana zaune a kan kujerar gishiri, gemunsa naɗe a wuyansa sau uku. A gefensa akwai labule, a bayan labulen ana ganin inuwar wata mace da tulu a gabanta.

Sarki ya ce, "Waccan ita ce Ƙamriyya, mai ƙidayarmu. Ta gaji aikin daga mahaifiyarta shekara arba'in da suka wuce. Muna wucewa ta gabanta ɗaya bayan ɗaya, tana jefa tsakuwa a tulu. Ranar ƙidayarta ta farko aka sami mun gaza da ɗaya. Ba mu jira rufi ya faɗo ba, muka ɗauko bil'adama muka cike. Tun ran nan tulu yana cewa mun cika, sahu yana cewa mun yi rara. Malamanmu sun ce ɗan Adam ne ba ya zama daidai a lissafi. Amma ba ma iya sakinta, don tulu zai koma ya gaza."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a jera su in gani."

Aka buga tambari. Ƙamriyya ta fito a lulluɓe, tana bi tana nuna wa kowa wurinsa. Aka jera su biyar-biyar, Mardu ya rage. Aka jera bakwai-bakwai, Mardu ya rage. Aka jera goma sha biyu, shi ne dai. Jatau kuwa ba sahun yake kallo ba. Ya lura duk sa'ad da Ƙamriyya ta zo daidai Mardu sai ta kau da kai ta wuce, shi kuma ya sunkuyar da nasa ya ja da baya. Wannan kau da kan Jatau ya san shi, da shi ya girma.

Can a sahu na ƙarshe ya hango wata mace gajeriya a tsakanin dogayen aljanu, kanta fari fat. Shi yarinya mai giɓi ya zo nema, don haka sai da idonsa ya wuce ta sau biyu. Ta dunƙule hannu ta ɗaga kaɗan. Ya ciro gurjiyar nan daga aljihu ya ƙirga, bakwai ce. Ya ɗaga murya ya ce, "Mara!" Ladingo ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

Da shi wani ne, da nan take zai nuna Ƙamriyya ya tona. Zuciyarsa ma ta so haka, don shekara arba'in na ƙanwarsa ba wasa ba ne. Amma ya san magana kawai ba za ta kayar da tulu ba, ya kuma san in aka tsare mace irin wannan a gaban jama'a gara ta mutu da ta amsa. Sai ya roƙi tsakuwa da wuri, ya zauna a ƙasa tun hantsi. Ya ce a ransa, in zatona gaskiya ne, su dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai da ashirin da ɗaya ne. Ya gwada kasa wannan da goma sha uku, biyar ta rage. Ya gwada goma sha bakwai, goma sha ɗaya ta rage. Ya ce kada dai gwauruwa ce, in kuwa ita ce ba shi da shaida. Ya share ƙasa ya gwada goma sha tara. Da azahar ya miƙe yana karkaɗe riga.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in tulu ya yi gaskiya, aka jera ku goma sha tara-tara, sahun ƙarshe zai zo da goma sha takwas, saura gurbi ɗaya. Malamanka su duba."

Malaman suka haɗa kai suka yi ta ƙus-ƙus, domin su ba su taɓa wuce goma sha biyu ba, adadin ƙofofinsu. Can babbansu ya ce, "Haka ne."

Jatau ya ce, "To a jera. Ni na ce sahu dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin da tara za a samu, duka cike. In ba haka ba, a rufe ni a nan."

Aka buga tambari. Sahu ya yi ta tashi har ya kai bangon birni ya karyo. Jatau yana tsaye yana ƙirga sahun. Sahun ƙarshe ya kai goma sha takwas, Ladingo ce ta goma sha takwas ɗin. Mardu yana gefe inda ya saba. Ya dubi gurbin, ya dubi sarki, ya tako a hankali ya shiga. Ba ko ɗaya a waje.

Sarki ya miƙe, gemunsa ya warware ya zuba ƙasa. Ya ce, "Ashe mun fi abin da tulu ya faɗa da ɗaya! Wa ake tsallakewa? Ƙamriyya, fito ki faɗi sunansa!"

Inuwar bayan labule ta durƙushe. Jatau ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata afuwa, sunan nan ba zai fito daga bakinta ba ko za a yanka ta. Tambaya ɗaya zan yi. Ɗan fari a birnin nan, wa yake kiran sunansa?"

Sarki ya ce, "Kakarsa."

"Kafin Ƙamriyya, wace ce mai ƙidaya?"

Sarki ya juya ya dubi Mardu, domin kakar Mardu ce take ƙidaya a da. Tsofaffin birnin suka fara salati. Kowa ya san Mardu ɗan farin Ƙamriyya ne, kowa ya san ba ta kallonsa, har yabonta suke yi a kan haka. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa kunyar ta bi ta har cikin tulu.

Daga bayan labule muryar Ƙamriyya ta fito. Ta ce, "Ranar farko hannuna ne ya ƙi. Na ce wani zai lura ya jefa a madadina. Kafin in ɗaga kai an kawo 'yar mutane. Daga nan kuma da wane baki zan faɗa? Ya kai ɗan Adam, na cuce ku, ba ni da abin cewa."

Jatau ya ce, "Kin cuce mu ƙwarai. Mahaifiyarmu ta makance tana jira. Amma ni ma ɗan fari ne, na san ba ƙi ba ne. Ba sai kin faɗi suna ba, ba sai kin duba ba. Ki juya baya, ya wuce, ki saki tsakuwar."

Aka fitar da Ladingo daga sahu, aka cire tsakuwarta daga tulu. Aljanu suka ɗaga kai suna kallon rufi, wasu sun rufe ido. Ƙamriyya ta juya baya. Mardu ya tako ya wuce ta gaban labule, dogon nan duk ya tanƙware. Ƙamriyya ta miƙa hannu kan tulu. Sai aka ji ƙwal, tsakuwa ta faɗa tulu. Rufi bai motsa ba. Mardu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rawaninsa.

Jatau bai tsaya kallon rawar da suka kafa biyu-biyu ba. Sarki ya yi masa tayin zinariya da dawakan iska, ya ce shi dai a ba shi hanya. Mardu da kansa ya ɗauke su ya ƙetare kogin, ya ajiye su a kan falalen dutsen nan, rana ba ta ko yi sanyi ba. Ladingo ta tsaya tana kallon ƙauyen. Ta tambayi Jatau bishiyar ƙiryar da ke bakin rijiya, ya ce ta faɗi tun tuni. Ta tambayi kaka, ya girgiza kai. Ta ce, "Yaya, ka tsufa." Ya ce, "Ke kuma sai ka ce jiya aka haife ki." Suka yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka.

Suka tarar da mata cike a tsakar gida, don an ga jikin Inna ya yi nauyi. Ladingo ta shiga ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ce." Tsohuwa ta miƙa hannu ta lalubi fuskarta, ta bi goshi, ta bi kunne, ta kira sunanta sau uku. Ta ce a kawo mata kunu. Jatau ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ya tsaya shekara arba'in da suka wuce, ya ga aikinsa ya ƙare, ya juya zai koma wajen maza.

Wata maƙwabciya ta ce, "Barka, Tabawa! Allah ya dawo miki da 'yarki guda ɗaya tilo."

Inna ta juya fuska bango kamar yadda ta saba. Amma hannunta na hagu ya fito daga mayafi, yana lalube a iska ta wajen ƙofa. Ta ce, "Su biyu ne."

Jatau ya dawo ya durƙusa, ya sa kansa a ƙarƙashin hannun.